Naman da Bai Zo Ranar Suna Ba

A can zamanin da, akwai wata fadama da ɓauna ke cika ta, in garke ya taso har ƙasa sai ta girgiza. Mutanen garin da ke kusa da ita sukan kashe tsohon namiji ɗaya a shekara, a yi kilishi, kowane gida ya samu. Macen ɓauna kuwa ba a taɓa ta.

Sai bindiga ta shigo. Aka yi ta harbi, aka yi ta harbi, har fadama ta yi tsit.

Wata rana matar wani tsohon maharbi ta ce masa, "Maigida, gobe sunan jikarmu, ko akuya ba mu da ita."

Ya ɗauki kwari da baka ya shiga daji. A bakin tafki ya iske ɓauna ɗaya tak, mace, cikinta ya tsufa. Ya ɗana kibiya. Sai ya tuna ƙurar garken da ya gani yana yaro. Ya sauke baka.

Da ya dawo, matar ta ce, "Ina naman?"

Ya ce, "Yana nan tafe, amma ba mu za mu ci ba."

Aka yi suna da miyar kuka, mutane na ta gunaguni.

Ranar auren jikar nan, tsoho ya daɗe da rasuwa. Fadama kuwa ta sake cika da ɓauna. Kilishin ɓauna aka raba, kowane gida ya samu.