Ba Ƙoda Na Aura Ba

"Babu mai tsira wa ɗana allura a gadon baya!" Mama ta tare ƙofar ɗakin asibitin da jikinta.

"Za a tsira, Mama. Na riga na sa hannu."

Wallahi tunda aka kawo ni gidansu ban taɓa haɗa ido da surukata ba sai ranar.

Wata takwas ke nan da aka cire ƙodata aka dasa wa mijina. Kullum da safe sai ya shafa tabon cikina ya ce, "Ina kwana, Mai Kyauta?" Kwana huɗu bai faɗa ba. Jiya ma kallona ya yi sheƙeƙe ya ce, "Baiwar Allah, wa kike nema?"

Yayarsa ta taɓe baki. "Jikinsa ko ɗumi babu! Gida za mu kai shi ya huta."

"Yaya, magungunan da ke hana jikinsa ƙin ƙodar su ke danne garkuwarsa, har zazzaɓi sukan ɓoye. Hoton kai bai nuna komai ba, sai an ɗebi ruwan bayan an gwada..."

"Oho, yau kuma likita kika zama?"

"Matarsa ce ni!"

Mama ta matsa tana kuka. Ni na riƙe masa gwiwoyi ya duƙunƙune, likita ta ɗiga ruwa garai-garai a 'yan kwalabe uku.

Bayan kwana biyu likitar ta kira mu. "Ƙwayar cuta ce ta bairos ta kama ƙwaƙwalwarsa. Muna ba shi magani ta jijiya, amma dole a rage masu danne garkuwar. Ƙodar na iya lalacewa."

Mama ta cafke hannuna. "'Yar nan, ba ki da wata da za ki ba shi fa..."

"A rage, likita. Ba ƙoda na aura ba."

Ƙodar kuwa ta tafi. Mun koma injin wankin ƙoda, sau uku a sati.

Ranar farko a kan injin ya juyar da fuska yana hawaye. "Na ɓata miki kyautarki..."

"Kyautar wa? Kalle ni ka faɗa!"

Ya lalubo tabon cikina. "Taki, Mai Kyauta."

"To rufe min baki," na ce, ina kuka ina gyara masa filo.