Da Hannuna Zan Rubuta

"Sa hannu a nan, ki daina ɓata mana lokaci."

Yayar Injiniya ta wurga fom ɗin kan teburin yanka, ya faɗa kan yadin da Auta take aunawa. Auta ta ajiye almakashi. Shekararta ashirin da tara, sha biyu daga ciki a wannan shagon ɗinki ta yi su, tun da jinyar mahaifiyarta ta fitar da ita daga sakandare.

"Na mene ne, Yaya?"

"Na wata cibiyar jarrabawa ne. Ranar jarrabawa wata za ta zauna ta rubuta miki. Ba za a ce ƙanena mai digiri biyu ya auri wadda ko takardar sakandare ba ta da ita ba."

Auta ta dubi Injiniya, saurayinta na shekara uku. Yana tsaye bakin ƙofa yana juya makullin mota, ya kasa haɗa ido da ita.

"Masoyi... kai ma ka yarda?"

"Ki gane mana, Zuciyata. Ajin yamma wata tara ne. Darasin waya kuma da bakinki kika ce barci yake sa ki. Wannan ko ba wahala, a gama a sa mana rana."

"Ai na riga na shiga ajin yamman."

Yaya ta kwashe da dariya.

"Mun sani. Malamar Turancinku ƙawata ce. Ta ce sakin layi ɗaya kika tashi karantawa, har 'yan aji suka fara hamma."

Sai a lokacin Auta ta gane dalilin da Malama take ɗaga takardarta a gaban aji tana karanto kurakuranta ɗaya bayan ɗaya. Ashe Malamar ce Yaya take so ƙanenta ya aura.

Ta ɗauki fom ɗin, ta miƙa wa Injiniya.

"Idan hannun wata ne zai rubuta, ka auri mai hannun."

"Ka ji ko? A gabana!" in ji Yaya. "Tela ma da girman kai."

Injiniya ya haɗe rai.

"Na nemo miki sauƙi, kin watsa mini ƙasa a ido. Ki zauna da taurin kanki."

Suka fita. Bai waiwayo ba.

Ta yi kuka ranar har zare ya gagare ta shiga allura. Washegari ta bar ajin Malama, ta koma wani rukunin manya da ke haɗuwa a ɗakin karatu duk Asabar: wani direba, wata mai shara a asibiti, da tsohon malami da ke bi da su tambayoyin shekarun baya. A zaman jarrabawarta na farko ta faɗi lissafi. Direban ya ce shi sau biyu ya faɗi, kuma har yanzu motarsa tana tashi. Ta sake zama, ta ci.

Ba a yi sati da fitowar sakamakon ba Injiniya ya zo shagon, ya rame. Maganarsa da Malama ta watse tun ba a je ko'ina ba.

"Zuciyata, na ji labari... Yaya ta sauko. Ta ce yanzu babu matsala."

Har yanzu muryarsa tana taɓa ta, kuma hakan ya ƙara mata haushi.

"Da ban ci ba fa?"

Ya hau juya makullin motarsa.

"Ranar da yayarka ta yi mini dariya, kana tsaye. Kalma ɗaya na jira daga bakinka."

"Ki yafe mini."

"Na yafe. Amma ba zan aure ka ba."

Ya daɗe a tsaye kafin ya fita. Auta ta share idonta da bakin mayafi, ta dubi wata mata da ke zaune kan benci tana jiran awo.

"Yi haƙuri, Mama. Taso in auna ki."