Masa a Ƙirjin Alhaji

A unguwar Asata, cikin garin Enugu, akwai wata yarinya da kowa ke kira Auta. Ita ce ƙarama a gidansu, ajinta biyar a firamare. Auta akwai ƙwaƙwalwa, amma fa akwai rawar kai. In dabara ta faɗo mata, ƙafarta har ƙaiƙayi take yi sai ta gwada.

Ummanta tana tuyar masa a ƙofar gida. Babanta mahauci ne, tun asuba yake tafiya mayanka. Yayanta Sharfuddeen kuwa mai ɗaukar hoto ne. Shi ake kira wurin suna da walima da taron ƙungiya.

Wata ranar Juma'a Yaya Sharfu ya shigo gida da kwali a hammata, bakinsa har kunne.

"Umma! Auta! Ku fito ku ga abin da na daɗe ina yi wa tari!"

Sabuwar kwamfutar laftof ce, siririya, baƙa wuluk. Ya buɗe ta, ya nuna musu hoton tumatir da attaruhu a faranti. Auta ta yi tsalle.

"Kai! Yaya, kamar in sa hannu in ɗauka!"

"Ni ma kamar in jefa a miya," in ji Umma tana dariya.

"Irin wannan sikirin ɗin sunansa OLED," in ji Yaya. "Ja ja ne, baƙi baƙi ne, ba ya yi wa ido ƙarya. Mai gyaran hoto ba shi da abokin da ya fi shi."

Umma ta ɗan ɓata fuska. "Ni fa na ji Isma'ila mai aski yana cewa irin wannan ƙonewa yake yi. Wai ba ya ƙarko."

"Mutane sun cika tsoro, Umma. In ana kula da shi, shekaru zai yi lafiya lau. Abin da ba ya so shi ne a ƙure masa haske, a kuma bar hoto ɗaya tsaye a kansa yini guda. Yana son hutu, kamar mutum. Auta, kina ji na?"

"Ina ji, Yaya."

Ina fa! Idonta na kan tumatir. Maganar duk ta bi ta bayan kunnenta.

Ba a daɗe ba aka yi hutun makaranta. Sai ga waya daga Azare, kakarsu ba ta jin daɗi. Baba ya ce Yaya Sharfu ya je ya dubo ta. Damina ce, hanya kuma da nisa, don haka ya bar laftof ɗin a gida.

"Auta, ga amana," in ji shi. "Ki riƙa koyon buga rubutu kaɗan-kaɗan. In kin gama ki kashe, ki rufe, ki mayar jaka. Hoton Alhaji Jumare yana ciki. Ina dawowa zan gyara masa."

Alhaji Jumare shi ne shugaban masu sayar da shanu. Taronsu na shekara ya matso, za a buga hotonsa babba a rataya. Ya yi wa Yaya alkawari, in aikin ya yi kyau, duk hotunan ƙungiya shi zai riƙa yi. Auta ta san Yaya ya sa rai ƙwarai da wannan aiki.

Washegari tana taya Umma zuba ƙullu a tanda, sai ta hango tsallaken titi. Wata Madam mai sayar da okpa ta rataya sabon ƙyallen talla, mai launi rangaɗau. Okpa wani abinci ne na mutanen Enugu, kamar alala. 'Yan keke mai ƙafa uku sai tsayawa suke yi a wurinta, layi har bakin kwata.

Abin ya tsaya wa Auta a rai. Masar Umma fa ba ta da na biyu, amma masu wucewa ba su ma san sunanta ba.

Nan take dabara ta faɗo mata. Ta ruga ɗaki da gudu har tana tuntuɓe da buta. Ta kunna laftof, ta yi baƙin shafi, ta rubuta manyan haruffa farare tas: MASA MAI ZAFI. Ta ɗauko kujera, ta ɗora laftof ɗin kusa da tanda, tana fuskantar titi.

"Ke Auta, yayanki ya yarda da wannan?" Umma ta tambaya.

"Ai shi ya ce in riƙa rubutu da ita, Umma."

Gaskiya ce, amma rabi. Auta ta san ba irin wannan rubutun Yaya yake nufi ba.

Isma'ila mai aski yana da wutar sola a shagonsa da ke jikin gidansu. Ta roƙe shi, ya miƙo mata wayar wuta ta taga. Sai dai laftof ɗin ta fara ba ta haushi. Jim kaɗan sai haske ya ragu, sikirin ya mutu.

"Ji raguwa!" in ji Auta. "Ana ciniki kina barci?"

Ta tuna abin da aka koya musu a ajin kwamfuta. Ta shiga wurin saiti, ta hana ta barci gaba ɗaya. Da rana ta take, rubutun ya dusashe, sai ta ƙure haske har ƙarshe.

Kai, ranar an ga ciniki! Wani ɗan keke ya ja birki, ya leƙo, ya yi tambaya da Turancin buroka.

"Small madam, wetin be masa?"

"Na rice cake, oga. Taste am first!" in ji Auta.

Ya ɗanɗana da miyar taushe, ya lumshe ido, ya kira abokansa. 'Yan ga-ruwa suka zo, masu turin baro suka zo, har ma'aikatan wani ofis suka aiko. Kafin la'asar ƙullu ya ƙare ƙarƙaf. Auta sai rawa take yi da roba a ka.

Da yamma ba ta kashe laftof ɗin ba. Tsoro take yi kada rubutun ya gudu. Ta kai ta ɗaki a buɗe, ta sa mata caji. Haka aka yi ta yi kwana da kwanaki, rubutu ɗaya, haske a ƙure, ga zafin tanda, ga rana.

Ranar da Yaya ya bugo waya ya ce ya taso, kaka ta samu sauƙi, Auta ta yi maza ta share rubutun. Ta buɗe farin shafi don ta ɗan yi aikin da aka sa ta.

Sai ta ƙura ido.

A tsakiyar farin shafin ga wata inuwa, dishi-dishi. Ta matso da fuska. MASA MAI ZAFI.

Ta goga da gefen hijabinta, bai fita ba. Ta kashe ta kunna, yana nan daram. Ta ɗebo ruwa da tsumma, sai ta tuna ruwa da kayan wuta ba sa shiri, ta ajiye. Ta rufe laftof ɗin, ta tura jaka, ta ja bakinta ta yi gum.

Yaya ya iso da tsarabar ƙuli-ƙuli da dabino. Auta ko ɗaya ba ta iya ci ba.

"Lafiya, Auta? Ke da ba a ajiye dabino kusa da ke?"

"Lafiya lau, Yaya," ta ce, idonta a ƙasa.

Kashegari da hantsi sai ga Alhaji Jumare da kansa. Aka shimfiɗa masa darduma a zaure. Aka gaisa, aka tambayi iyali da kasuwa da mai jiki. Auta ta kawo ruwa, ta durƙusa ta gaishe shi, ta koma bayan labule ta laɓe.

"To Sharfu, nuna mini hoton nan in gani," in ji Alhaji.

Yaya ya buɗe laftof da fara'a. Ga Alhaji cikin farar babbar riga, ya sha hula, ya riƙe sanda. Sai Alhaji ya gyara tabarau, ya ƙura ido.

"Wannan kuma wane irin aiki ne a ƙirjina? Ban san rigata da rubutu ba." Ya fara karantawa a hankali. "Ma... sa... mai... zafi."

Alhaji ya ɗago kai.

"Sharfu, ni za ka rataya a taro ana tallan masa da ni?"

Yaya ya rufe hoton, ya buɗe wani. Inuwar tana nan. Ya buɗe farin shafi, tana nan. Fuskarsa ta sauya. Auta ba ta taɓa ganin fuskar yayanta haka ba, kuma abin ya yi mata zafi fiye da bulala.

Ta fito daga bayan labule, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Alhaji, ba laifin Yaya ba ne. Ni ce. Ni na yi tallan masa da ita ba ya nan. Na hana ta barci, na ƙure haske. Jiya na ga inuwar, na ji tsoro na ɓoye."

Umma ta leƙo daga tsakar gida. "Auta! Ba ke kika ce mini ya yarda ba?"

"Rabin gaskiya na faɗa miki, Umma. Ku yafe mini."

Alhaji ya dube ta, ya dubi Yaya. Ya tashi yana kaɗe riga.

"Jibi za a kai hoto wurin bugawa. Gobe zan dawo. In na'urarka ta warke, aiki naka ne. In ba ta warke ba, dole in nemi wani, don taro ba ya jira."

Bayan ya tafi, Yaya ya rufe laftof ɗin. Sannan ya kira ta.

"Zauna, Auta. Wannan karon ki buɗe kunne."

Ta zauna, ta naɗe ƙafa.

"Rubutun nan ba a jikin hoton Alhaji yake ba, a jikin sikirin yake. Amma ta yaya zan gyara farar riga ina ganin inuwa a kanta? Kin ga sikirin ɗin nan? 'Yan mitsi-mitsin fitilu ne cike da shi, ido ba ya ganinsu. Kowace da haskenta. Waɗanda suka yi miki farin rubutu sun yi ta ci ba hutu, sauran suna kwance. Shi ya sa suka gaji, haskensu ya ragu."

"Sun mutu ke nan, Yaya?"

"Ban sani ba tukuna. In gajiya ce kawai, za su farfaɗo. In sun ƙone, sai an canja sikirin gaba ɗaya, ni kuwa ba ni da halin wannan yanzu."

Auta ta fashe da sabon kuka. Yaya ya dafa kanta.

"Kuka ba ya gyara. Zo ki taya ni."

Ya mayar da saitin barci. Ya rage haske zuwa rabi. Ya nuna mata wata manhaja da ke cikin laftof ɗin, mai daidaita fitilun idan sun gaji. Ya ce ita ma ta kan yi aiki ne lokacin da na'urar ke hutawa, Auta kuwa ta hana ta hutun. Ya ce ta danna da hannunta. Sikirin ya yi baƙi.

"Yanzu sai haƙuri. Ba mai taɓa ta sai gobe."

Da gari ya waye, Auta ta riga kowa zama a gaban jakar. Baba ma ya ɗan jinkirta fita. Yaya ya yi bisimilla, ya kunna, ya buɗe farin shafi.

Auta ta rufe ido da tafin hannu, tana leƙe ta tsakanin yatsu.

Fari tas! Ta matso, ta duba sama, ta duba ƙasa, ta karkata kai ta duba ta gefe. Babu masa, babu zafi.

"Ya fita! Umma, ya fita! Baba, ya fita!"

Ta yi tsalle har ɗankwalinta ya faɗi. Umma ta rangaɗa guɗa. Yaya ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya ce, "Alhamdu lillahi. Mun tsallake rijiya da baya. Da an ƙara wasu makonni, da sai dai labari."

Baba ya ce, "Auta, me kika koya?"

"Kayan amana ba a yi masa dabara sai an tambayi mai shi. Kuma in na yi kuskure in faɗa da wuri, kada in ɓoye."

"Saura na sikirin," in ji Yaya.

"Kada a ƙure masa haske, kada a bar hoto ɗaya a kansa, a bar shi ya yi barcinsa. A nisanta shi da rana da tanda."

"Gogewa fa?"

"Da ƙyalle mai laushi, ba da hijabi ba," ta ce tana sunkuyar da kai. Kowa ya yi dariya.

Yaya ya gyara hoton, rigar Alhaji ta fito fara sol. Alhaji ya gani ya yaba, ya ce aiki ya zama na Sharfu. Da Yaya ya je wurin bugawa kuwa, sai ya dawo da wani ƙunshi a hannu. Ƙyallen talla ne, da hoton masar Umma tana tururi. A ƙasa an rubuta MASA MAI ZAFI.

"Dabararki mai kyau ce, Auta," in ji shi. "Wurin da kika sa ta ne ba daidai ba. Wannan ko shekara ya yi a rana ba ya gajiya."

Ranar da aka rataya ƙyallen, wata mota ta tsaya a ƙofar gida. Alhaji Jumare ya sauke gilashi, ya ƙwala kira.

"Ina Auta? Zubo mini masar nan da aka yi talla a ƙirjina, in ji ko ta kai!"

Auta ta cika masa faranti, ta ƙara masa gyara biyu.