Jirgin Albasa Zuwa Gaya

Shekarar da aka rufe gadar Malanbil, duk mai son shiga Gaya sai ta jirgin ruwa. A bakin kogin nan Jariatu ta fara ganin Safiyanu, yana tsaye da rigar ceto ruwan lemo a jikinsa, masu dakon albasa suna ta yi masa dariya. Ita ma ta dara.

Ya juyo ya dube ta. "Ki yi dariyarki, 'yammata. Ban iya iyo ba, kuma ni kaɗai uwata ta haifa."

Kunya ta kama ta. Kafin jirgi ya taɓa gaɓar Gaya ta san ma'aikacin jinya ne a garin Madekali, shi kuma ya samu lambarta.

Saƙonsa na farko ya ce: "Jari, tun da kinka yi mini dariya ban sake jin haushin kowa ba."

Ta mayar: "Likitana, ka bar faɗin haka, zuciyata ba ta da rigar ceto."

Matsalar ita ce mahaifinta. Malam Na-Allah shekara arba'in yana fataucin albasa a kan kogin, kuma yana saurayi ya sha ƙetare shi da iyo riƙe da wutsiyar bijimi. Ranar da Safiyanu ya zo gaisuwa, tsohon ya ƙare masa kallo.

"Kai ne mai rigar nan? Yaran yanzu kun sha lakwal, kun yi boko, amma ba wayo, ba zuciya. Mu da munka tashi, ido da kunne ad da mu. Mai tsoron ruwa mi zai tsare wa ɗiyata?"

"Baba, ba tsoro ba ne kaɗai. Na ga waɗanda aka kawo mana daga ruwan nan."

"Ajali ne. Tashi ka tafi."

Wanda tsohon yake so shi ne Abdurazak, mai jirgin inji, wanda ke loda buhuna har ruwa ya kusa shafar baki, yana tuƙi yana waƙa.

Jariatu ta rame. Kwana tara Safiyanu bai rubuto ba, ta ɗauka ya janye. A na goma ta kasa daurewa: "In ka fasa, ka gaya mini. Gobe Baba zai kai ni Gaya wurin gwaggona, cikin jirgin Abdurazak."

Nan take ya amsa: "Ban fasa ba, hasken idona. Na yi shiru ne kada in ja miki faɗa a gida. Ruwa ya cika ƙwarai, don Allah kada ki shiga."

"Ba ni iya ce wa Baba a'a."

Da hantsi ta sami Safiyanu a bakin ruwa. Ya dubi lodin, ya dubi kogin da ya yi ja yana gudu, ya roƙi a rage buhu goma. Abdurazak ya yi tsaki. Malam Na-Allah ya ce, "Shiga, Jariatu."

Safiyanu ya cire rigar cetonsa ya ɗaura mata. Sannan ya taka cikin jirgin ya zauna.

A tsakiyar kogi injin ya yi tari ya mutu. Ruwa ya juya jirgin a karkace, ya fara kwararowa ciki. Mata suka sa salati. Abdurazak ya miƙe yana fizgar igiyar inji, ƙafarsa ta zame, ya faɗa ruwa.

"Kowa shi zauna!" Muryar tsohon ta danne kururuwar. "Ku zubda buhunan! Nawa ne, ku zubda!"

Ya fizgi filafilin tuƙi, ya ƙyale gaɓar Gaya, ya bi ruwan yana karkata hancin jirgin kaɗan-kaɗan zuwa wani tudun yashi da babu wanda ya san da shi sai shi. Safiyanu na jefa buhu yana kallon Jariatu, ita kuma ta riƙe gefen rigarsa ta ƙi saki. Da jirgin ya daki yashi, wasu masunta suka iso da Abdurazak, ba ya numfashi.

Wani dattijo ya ce a rufe shi da zane. Safiyanu ya durƙusa, ya ture zanen, ya shiga danna ƙirjinsa yana hura masa iska a baki.

"Kai yaro, bar gawa ta huta!"

Bai ɗago ba. Jariatu ta ji mutane sun fara gunaguni, ta ga wani ya matso zai janye shi. Sai mahaifinta ya tare da filafili. "Ku bar shi. Wanga aikin ya fi mu saninshi."

Can Abdurazak ya yi tari, ya amayar da ruwa.

Bayan kwana uku Malam Na-Allah ya aika a kira Safiyanu. Da ya zo, tsohon ya shafa gemu ya ce:

"Na ce ba ka da zuciya. Ka shiga ruwan da kake tsoro don ɗiyata, ni kuwa na shiga da ita don girman kai. Ka faɗi gaskiya a kan lodin nan, ban ji ba."

"Baba, ba don ku ba, da babu wanda zan taimaka wa. Tudun nan ba a koyar da shi a lakwal."

Tsohon ya yi murmushi. "Turo magabatanka."

Bayan girbin shinkafa aka ɗaura aure. Abdurazak da kansa ya raba goro. Da za a tafi da amarya, Malam Na-Allah ya kama hannun 'yarsa, ya ce:

"Ki yi mishi biyayya, kai kuma ka riƙe mini ita. Allah shi ba ku zaman lafiya da ɗiya masu albarka, waɗanda za su ji maganarku, ku ma ku ji tasu."

Jariatu ta share hawaye, ta dubi mijinta ta ƙarƙashin mayafi. Duk gidan suka amsa da amin.