Ƙarfe Goma na Zanzibar

Tun ƙarfe goma na safe Zuwaina ke zaune a ƙofar tsohuwar ganuwa, ga shi har an kira la'asar. Sauran fasinjojin jirgin ruwan yawon shaƙatawa sun zaga kasuwa, sun sayo kanumfari sun dawo. Ita ko ruwan kwakwar da ke hannunta ba ta kurɓa ba.

"Tashi mu tafi," in ji Babanta.

"Baba, minti goma kawai..."

"Na ba shi awa biyar."

Hamud take jira. A Maskat suka haɗu, yana aiki a shagon turare, har takardunsa suka ƙare ya dawo tsibirinsu. Shekara biyu Baba na cewa ba zai ba baƙo 'yarsa ba. Da ƙyar ya sassauta, ya ce ranar da jirginsu ya tsaya Zanzibar yaron ya same shi ƙarfe goma, in bai zo ba magana ta mutu. Wayarta na hannun Baba tun daga gida. Gwaggo Azza, yayar Baba, wadda aka haifa a tsibirin, ita ta kira Hamud ta isar da saƙon.

"Haba 'yar lelena, share fuskarki," in ji Gwaggo. "Ga Khalfan ɗana yana nan, shi ba ya makara."

Babu abin sharewa a fuskar. Zuwaina ta miƙe ta bi su.

A cikin kwalekwalen da ke mayar da su jirgi ta tambayi tsohon matuƙin lokaci, don dai ta ce wani abu.

"Tara da rabi."

"Uku da rabi dai, Malam," in ji Zuwaina.

Ya yi dariya. "Naku ke nan. Mu daga fitowar rana muke ƙirgawa. Da gomarmu ta buga, wato huɗunku, jirginku zai tashi."

Ta juya a hankali.

"Gwaggo, da wane harshe kika gaya masa?"

"Da harshen uwarsa mana."

"Kin ce da safe?"

"Goma aka ce in ce, goma na ce." Gwaggo ta gyara mayafi. "Ban yi wa kowa ƙarya ba."

Gaskiya ne, ba ta yi ba. Irin wannan gaskiyar ta fi ƙarya muni, kuma masu yin ta barci suke yi lafiya lau.

"Baba, ka ji... yanzu yake hanya. Mu koma."

Baba ya daɗe yana kallon yayarsa. Ya gane sarai. Amma namiji ne da aka shanya a rana gaban jama'a, kuma abin ya zo masa daidai da son ransa.

"Mai neman 'yar mutane tambaya yake yi, wace goman? Na gama magana."

Ƙarfe huɗu jirgi ya busa ƙaho. Zuwaina ta tsaya a saman bene tana kallon ƙofar ganuwa. Maza masu farar riga sun kai ashirin a wurin, kuma daga wannan nisan duk ɗaya suke. Ta rasa wanda za ta ɗaga wa hannu.

Ta jira kuka ya zo. Bai zo ba.

"Zuwaina, an kawo shayi," Gwaggo ta kira daga bayanta.

"To, Gwaggo," ta ce. Ta sauko.