Ladidi da Baƙin Allo

Ga ta nan, ga ta nanku, yara.

Ta zo mu saurara.

A wani gari an yi wata yarinya, Ladidi. Gwaggonta tana da kwamfuta mai baƙin allo, wadda sai da rubutu ake yi mata magana. A cikinta aka adana muryar marigayiya Kaka tana waƙar niƙa, kuma babu muryar a ko'ina sai nan.

Gwaggo ta ce, “'Yar nan, cikin na'urar nan ɗaki-ɗaki ne. Rubuta pwd, ta gaya miki ɗakin da kike. Rubuta ls, ki ga kayan ɗakin. Da cd ake sauya ɗaki. Amma abin da rm ta share, ya tafi ke nan.”

Ran nan Gwaggo ta sa ta share tsofaffin darussa daga kwamfutar. Ladidi ta rubuta rm da alamar tauraro, wato a share komai na ɗakin da take, sai ƙawayenta suka leƙo.

“Ke sarkin nawa, an fara gaɗa fa!”

Saura ƙiris ta danna maɓallin zartarwa, sai ta ce, “Ku dakata. Wai wane ɗaki nake?”

Ta goge rubutun, ta rubuta pwd. Ashe ɗakin Kaka take! Ta rubuta ls, ga waƙoƙin Kaka a jere.

Ta sauya zuwa ɗakin darussa, ta sake tambaya, ta sake dubawa, sannan ta share.

Ko da ta fita, an watse daga gaɗa. Ta dawo ta zauna jikin Gwaggo, suka kunna muryar Kaka, Gwaggo tana yi mata amshi a hankali.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, tawa ta ƙare nan.