Takunkumin Mbani

Ranar Juma'ar ƙarshen wata, rana ta fara sanyi, Nomcebo ta kulle gidanta a Eshowe za ta tafi Nongoma wurin mahaifiyarta. Kayan ba su da yawa: buhun garin masara, sukari, maganin hawan jinin tsohuwa, sai karenta Mbani.

Mbani jan kare ne mai tsayayyun kunnuwa, shekararsa shida a hannunta. Tun yana ɗan kwikwiyo mota ke haukata shi. Da ya ji ƙarar makulli sai tsalle, sai rawar jela, sai dalalar da yawu. A hanya kuwa akuya ba ta wucewa bai yi mata haushi ba, haka mai keke, har allon talla bai tsira ba. To amma Nomcebo malamar firamare ce, kuma wadda ta iya da yara arba'in a aji ɗaya, kare guda ba zai gagare ta ba. Kafin kowace tafiya sai ta zagaya da shi filin ƙwallo har ya yi laushi, ta rufe tagogin baya da tsohon bargo, in ya yi shiru ta miƙa masa ɗan busasshen nama. Cikin wata biyu Mbani ya zama mutumin kirki a mota. Kwanciya yake yi a kujerar baya yana minshari har a isa.

Duk wannan a tsohuwar akwalarta aka yi shi.

Wata uku da suka wuce, yayanta Bhekani ya kawo mata farar motarsa har ƙofar gida, ya danƙa mata makulli. Ya ce, "Karɓi, Cebo. Na gaji da ganinki kina tura wancan gwangwanin a bakin kasuwa ana yi mana dariya." Ranar har kuka ta yi. A wurinta Bhekani uba ne. Lokacin da mahaifinsu ya rasu a ramin haƙar zinariya can Johannesburg, shi ya je da reshen magaryar kura ya ɗauko kurwarsa, kamar yadda ake yi wa duk wanda ya mutu nesa da gida. Kujera biyu ya kama a motar haya, ɗaya tasa, ɗaya ta reshen. Bai yi wa ɗan Adam magana ba har ya iso, sai dai a kowace gada ya sunkuya ya ce, "Baba, ga kogi kaza, muna ƙetarawa," don kada mamacin ya ɓata a hanya. Shekararsa ashirin a lokacin. Mutumin da ya yi wannan, ko dutse ya miƙo maka ya ce burodi ne, ci za ka yi.

Sai dai tun da sabuwar motar ta zo, Mbani ya koma gidan jiya, har ya fi. A cikin gari lafiya lau. Amma da sun hau hanyar gida sun doshi gada, sai gashin bayansa ya miƙe. Ba ya ko kallon taga. Kujerar gaba ta mai zaman banza yake fuskanta, ya yi ta haushi har muryarsa ta dushe. Bargo bai yi ba, nama bai yi ba. A tafiyar ƙarshe saura ƙiris ta shige ƙarƙashin motar rake saboda ihunsa.

Da ta kai wa Bhekani ƙara, shi da kansa ya zo ranar tafiyar, da takunkumin fata da ƙwayoyi biyu a ƙunshin takarda.

"Ki ba shi duka biyun, ki ɗaure masa baki. Kare ne fa, ba mijinki ba."

"Yaya, tsufa na kama ka, bakinka na ƙara lalacewa."

Ya yi dariya. A bakin ƙofar shinge ya tsaya suka yi sallama, bai matso kusa da motar ba.

Ƙwaya ɗaya ta ba shi, tausayi ya hana ta ba shi ta biyun. Da ta zo ɗaura takunkumin, Mbani bai yi gardama ba. Ya dai ɗago ido ya dube ta, ita kuma ta kau da kai.

Suka kama hanya. Gonakin rake dama da hagu, ƙaurin ganyen da aka ƙona yana shigowa ta ƙofofin iska. Motar tsit. Nomcebo ta sauke ajiyar zuciya, ta ce a ranta ashe haka masu hankali ke tafiya.

Ba ta yi nisa ba waya ta yi ƙara. Bhekani ne.

"Kin ba shi?"

"Na ba shi."

"Kin ɗaure bakin?"

"Yaya, wai karenka ne ko nawa?"

"To, shi ke nan. Allah ya kiyaye hanya."

Tayoyin gaba na hawa gadar kogin Mhlathuze, wani abu ya fara kuka a gaban motar. Ƙin, ƙin, ƙin. Ƙararrawar nan ce da ke tashi in mutum ya zauna a kujerar gaba bai ɗaura bel ba. Ta dubi kujerar. Ba komai a kai, ko jakarta tana baya. Suna sauka daga gadar ƙarar ta ɗauke.

Ba ta taɓa jin ta ba. Can kuma ta tuna, yaushe ma za ta ji, alhali a kowace gada haushin Mbani ke cika motar?

Daga kujerar baya ta ji wani siririn kuka ta cikin takunkumi. Ta ce, "Yi barcinka, wayoyin mota ne." Ita kanta ba ta ji daɗin yadda muryarta ta fito ba.

Suka wuce Melmoth, suka ratsa dazukan katako. Rana ta yi ja, ta faɗa bayan tsaunuka. Motoci suka ragu. Lokacin da hanya ta fara gangarawa zuwa kogin Farin Mfolozi, magariba ta rufa, ta kunna fitila.

Wari ne ya fara zuwa. Ɗanyen ganye da aka murje, da taba gari, da zufar mutumin da ya yini yana tafiya a ƙasa.

Sai sanyi, a gefenta na hagu kawai.

Kujerar ta yi ƙara, irin wadda take yi in babban mutum ya gyara zama. Ta saci kallo. Katifar ta lotsa a tsakiya.

Ƙin, ƙin, ƙin.

Gada na gabanta.

"Wane ruwa ne wannan?"

Muryar tsoho ce, ƙasa-ƙasa, dab da kunnenta.

"Ana ta ƙetarawa da ni, ba mai faɗa min. Na ɓata, 'yata."

Ta yi yunƙurin taka birki. Ƙafar ta ƙi motsi.

"Yaron da ya ɗauko ni a bakin hanya ya ce ƙanwarsa za ta raka ni. Ke ce?"

"Baba..." Iyakar abin da ya fita ke nan.

"Na gaji. Mu sauka a nan."

Wani abu ya kama sitiyari ta hagu. Ba ta ga hannu ba, amma ta ji yatsu a kan nata, busassu, masu sanyin ƙarfe. Motar ta fara karkata wajen ƙarfen gada. A ƙasa ruwa na tafiya baƙi ƙirin.

Ta ja dama da iya ƙarfinta. Kamar ta ja bango.

Wani abu mai ɗumi ya bugi kafaɗarta. Mbani ne. Ya rarrafo tsakanin kujeru, ƙafafunsa na rawa saboda ƙwaya, idanunsa a kan kujerar nan. Maƙogwaronsa na aiki, bakin a ɗaure.

Ta saki sitiyarin da hannu ɗaya. Ta laluba bayan kunnensa. Maɗaurin ya ƙi. Farcenta ya karye. Ta cusa yatsu ƙarƙashin fatar ta fizge.

Mbani ya yi haushi.

Sau ɗaya, sau biyu, sannan ya ɓarke gaba ɗaya, har gilashi na amsawa.

Yatsun suka sake ta.

Gefen motar ya gogi ƙarfen gada, wuta ta yi tartsatsi, madubin hagu ya tsinke ya faɗa ruwa. Ta murɗa dama. Tayoyi suka taka ƙasa a ƙetare, motar ta tsaya cikin ciyawa ta mutu.

Ƙararrawar ta yi shiru. Sai numfashinta da na karen.

Mbani ya diro gaba, ya tura kai ƙarƙashin kujerar yana tono da farce. Ta kunna fitilar waya, ta durƙusa, ta zura hannu. Ƙaya ta soke ta. Abin da ta jawo reshen magaryar kura ne, ya bushe, an ɗaure shi da jan zare a jikin ƙarfen kujera. A gindinsa an naɗe wani ƙyalle shuɗi mai ɗigon fari. Ta san shi. Yankin ɗankwalinta ne, wanda ya ɓata a gidan Bhekani ranar bikin Ista, har matarsa ta taya ta nema.

Ta daɗe a durƙushe. Tsoron ya tafi, abin da ya maye gurbinsa ya fi shi ciwo.

Ta kira shi. Bugu ɗaya ya ɗauka, kamar wanda ke zaune da wayar a hannu.

"Yaya, wa ka kaɗe da motar nan?"

Ya ce, "Karen ne ke haushi haka? Kin cire masa?"

"Na ce wa ka kaɗe."

"Wani tsoho ne, Cebo. A hanyar Nkwalini, da hazo. Ban gan shi ba, na rantse. Ba wanda ya gani." Muryarsa ta karye. "Kullum yana zaune a gefen gadona. Wani boka ya ce in ɗauko shi da reshe, in haɗa shi da wani mai jinina, zai bi shi ya bar ni."

"Shi ne ka zaɓe ni."

"'Ya'yana uku. Ke kuwa..."

"Ƙarasa mana."

"Ke ba ki da kowa, Cebo. Sai kare."

Ta dubi Mbani. Takunkumin ya yanke shi a kan hanci, jini na tsattsafowa, amma yana tsaye tsakaninta da reshen.

"Shi ya sa ka ce in ba shi biyu," in ji ta. Ta kashe wayar.

Ba ta jefar da reshen ba. Tsohon bai yi mata laifin komai ba, shi ma cutarsa aka yi. Ta warware ƙyallenta ta sa a aljihu. Ta ɗora reshen a kan kujera, ta jawo bel ta ɗaura masa. Ta ce a hankali, "Baba, ka yi haƙuri. Ban san gidanka ba. Zan kai ka wurin wanda ya san inda ya ɗauko ka."

Motar ta tashi a murɗa ta uku. Ta juya kanta ta fuskanci Eshowe.

A bakin gada ta rage gudu. "Baba, ga Farin Mfolozi, muna ƙetarawa." Ƙararrawa ba ta yi kuka ba. Mbani ya yi gurnani kaɗan, ya kwantar da haɓarsa a kafaɗarta. Waya ta yi ta ruri a kan cinyarta, sunan Bhekani na haskawa, ba ta taɓa ta ba. Mai ɗauke da reshe ba ya magana da kowa, kuma a wurin Bhekani ta koyi haka. A Mhlathuze ma ta faɗa wa tsohon.

Ta tarar da yayanta a tsakar gidansa, fitilar waje a kunne. Da ya ga abin da ke hannunta ya ja da baya har ya yi karo da bango.

"Cebo, don girman Allah. Cebo, yara na ciki."

Ba ta dube shi ba. Ta ajiye reshen a kan dokin ƙofa, ta ɗora makullin motar a gefensa. Ta ce, "Baba, mun iso. Ga shi nan." Ta kama igiyar karenta suka fita da ƙafa.

Kwana tara Bhekani ya yi, sannan ya kai kansa wurin 'yan sanda. An gano dangin tsohon a wani ƙauye bayan Nkwalini, suka zo da nasu reshen suka tafi da shi gida. Matar Bhekani ta zo ba da haƙuri har sau biyu, Nomcebo ta ba ta ruwa ta sha, ta raka ta bakin ƙofa. Har yau ba ta je ganin yayanta ba, ba ta kuma sake kiransa Yaya ba.

Tsohuwar akwalar tana nan bayan gida, ta sa aka gyara ta. Bargon da ke rufe tagogi ta mai da shi shimfiɗa. Yanzu Mbani a kujerar gaba yake zama, da tabo a hancinsa, yana yi wa akuya haushi, da mai keke, da allon talla. Ranar da ta ɗauko mahaifiyarta zuwa asibiti, tsohuwar da ke zaune a baya ta toshe kunne ta ce, "Ke wai ba za ki rufe wa karen nan baki ba?"

Nomcebo ta ce, "Na taɓa rufewa, Mama."

Ta rage gudu, don sun doshi gada, ta kasa kunne ta ji wace irin murya zai yi.